Ustaz Alla Rakha: makaɗin da ya fito da ganga daga bayan fage

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, kunnenmu ya saba da tabla tun kafin mu san sunanta. Ganguna biyu ne: ƙarama ta itace a dama, babba ta ƙarfe a hagu. Makaɗi yana danna babbar da gindin tafin hannu sai muryarta ta hau ta sauka, kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiya. Yau ina so in ba ku tarihin wanda ya kai ta duniya.

An haifi Allarakha Kureshi a 1919 a yankin Jammu, gidan Musulmi da ba su ɗauki kiɗa sana'ar mutunci ba. Wannan kam mun san irinsa a gidajenmu. Yana wajen shekara 12 ya gudu daga gida. Daga baya ya zama almajirin Mian Kadir Bakhsh, jagoran salon tabla na Punjab. Ya yi aikin rediyo a Lahore, a 1940 ya koma Bombay, har ya tsara kiɗan finafinai da sunan A. R. Qureshi. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, a Bombay ya ci gaba da zama.

A wancan zamani mai tabla ɗan rakiya ne kawai, yana gefe, mai sitar ko mawaƙi ke shan tafi. To, tafiyarsa da Ravi Shankar ce ta sauya lissafi. A Monterey a 1967, da Woodstock a 1969, matasan Amurka suka ga dattijo a zaune yana amsa wa sitar jimla da jimla, yana murmushi abinsa.

Abin da ya ja hankalin 'yan jaz, a ganina, ƙidaya ce. Kiɗan Indiya yana zagaye ne: tintal, misali, bugu 16 ne, makaɗi ya yi yawonsa yadda ya so, amma dole ya faɗo daidai kan bugun farko. Ɗan jaz ma ƙirƙira yake nan take, sai dai yawanci cikin bugu huɗu. A 1968 ya yi faifai da Buddy Rich, gwanin gangar jaz, mai suna Rich à la Rakha. Gaskiya ni ban sa shi cikin fitattun ayyukansa ba, Rich kamar baƙo yake a gidan mutane. Amma ƙofa ta buɗe. Mickey Hart na ƙungiyar Grateful Dead ma ya koyi ƙidayar nan a wurinsa.

Ɗansa Zakir Hussain ne ya ƙarasa aikin. A shekarun 1970 ya kafa Shakti tare da mai jita John McLaughlin, daga baya kuma Tabla Beat Science tare da Bill Laswell, inda tabla ke zance da amon na'ura da kwamfuta. Masu cewa an gurɓata gado suna nan, amma duk wanda ya kasa kunne zai ji ƙidayar tsohon ce a ƙarƙashi, na'ura ce ke bin ta.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. 'Yarsa Raziya, wadda ke kula da shi, ta rasu bayan aikin ido. Washegari, 3 ga Fabrairu 2000, zuciyarsa ta buga a Mumbai, yana da shekara 80. Allah ya jiƙansu. A shekarar ne faifan farko na Tabla Beat Science, Tala Matrix, ya fito.