Tarihin Zora Arkus-Duntov, injiniyan da ya ceto motar Corvette da injekta

A yau masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka kan ciro injin mai kafireta daga motocin shekarun 1960, su dasa musu sabon inji mai injekta. Yawancin injinan da suke ɗaukowa na kamfanin Chevrolet ne, kuma tarihin injekta a wannan kamfani yana komawa ne ga Zora Arkus-Duntov.

An haife shi ranar 25 ga Disambar 1909 a Brussels, babban birnin Beljiyam. Iyayensa Yahudawa ne 'yan asalin Rasha, kuma ya yi ƙuruciyarsa a birnin da ake kira Leningrad a wancan zamani. A 1927 iyalin suka koma Berlin, inda ya kammala karatun injiniya a 1934.

Ya auri Elfi Wolff a Paris a 1939, sannan ya shiga rundunar sojin saman Faransa. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, sai ya tsere da iyalinsa zuwa New York, domin zama a hannun 'yan Nazi tamkar hukuncin kisa ne ga Bayahude.

A New York shi da ƙanensa Yura suka kafa kamfanin Ardun. Sun ƙera sabon kan inji na alminiyam da ake ɗora wa injin Ford mai silinda takwas, wanda ke sa ya fi shaƙar iska ya kuma ƙara ƙarfi. Daga baya ya tafi Ingila ya yi aiki da kamfanin Allard, wanda ya shahara wajen dasa manyan injinan Amurka cikin ƙananan motoci marasa nauyi. Ya kuma tuƙa mota a tseren Le Mans na Faransa, inda ya zo na ɗaya a rukuninsa da motar Porsche a 1954 da 1955.

A Janairun 1953 ya ga motar Corvette a wani baje koli a New York. Surarta ta burge shi, amma injinta mai silinda shida bai gamsar da shi ba. Ya rubuta wa Ed Cole, babban injiniyan Chevrolet, wasiƙa, kuma a watan Mayun shekarar aka ɗauke shi aiki.

A lokacin motar na gab da mutuwa a kasuwa. A 1955 guda 700 kacal aka ƙera. Duntov yana cikin waɗanda suka dage cewa maganin shi ne inji mai ƙarfi da kuma jan hankalin matasa masu sauya wa motocinsu inji. A 1956 ya tuƙa Corvette a gaɓar tekun Daytona da gudun da ya kai mil 150 a awa, wato kusan kilomita 240.

Babban aikinsa ya fito a 1957, lokacin da shi da injiniya John Dolza suka kammala na'urar injekta ta Rochester. Kafireta tana dogara ne da zuƙar iska wajen jawo mai, don haka takan shaƙe ko ta yanke mai idan mota ta sha kwana da gudu. Injekta kuwa tana auna man ta tura shi da matsi zuwa bakin kowace silinda. Da ita injin mai lita 4.6 ya ba da ƙarfin doki 283.

Na'urar ba ta da kwamfuta, tana da tsada, kuma makanikai da yawa ba su iya saita ta ba, har wasu masu mota suka riƙa cire ta suna mayar da kafireta, abin da ba baƙo ba ne a garejin Damagaram ko Kano. Bayan 1965 kamfanin ya daina sa ta, sai a 1982 injekta ta dawo cikin Corvette, wannan karon da kwamfuta.

Duntov ya yi ritaya a 1975 ba tare da ya cika burinsa na mayar da injin Corvette bayan direba ba. Kamfanin bai yi hakan ba sai a samfurin 2020.

Ya mutu ranar 21 ga Afrilun 1996, kuma an ajiye tokar gawarsa a gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky. Shekara guda bayan haka injin LS1 ya fito cikin Corvette ta 1997, kuma dangin wannan inji ne aka fi dasawa a tsofaffin motocin Amurka a yanzu.