Likita Manson, Mai Duban Jini da Dare

'Yan'uwa, duk mun san ciwon tundurmi da na gwaiwa. Sau da yawa mukan ji ana cewa jifa ne, ko kuwa mutum ya taka sammu. Bari mu ba da labarin mutumin da ya gano hanyar wannan cuta.

An haifi Patrick Manson a ƙasar Sikotlan a shekara ta 1844. Da ya gama koyon aikin likita a Abadin, sai ya tafi tsibirin Taiwan a 1866. A 1871 ya koma Amoy, wani gari na bakin teku a ƙasar Sin, ya yi aiki har a asibitin mishan. A can ya tarar da masu tundurmi da yawa.

Wani likita, Lewis, ya riga ya ga 'ya'yan tsutsa cikin jinin mutum a Indiya a 1872. Manson fa ya shiga ɗiban ɗigon jini yana dubawa da madubin likita mai girmama abu. Tambayarsa ɗaya ce, ta ina tsutsan nan ke fita daga wani ta shiga wani? A 1877 ya bar sauro ya ciji mai lambunsa, wanda ke da su a jini. Da ya feɗe sauron, ga 'ya'yan tsutsa suna girma a cikinsa.

Bayan wannan ya lura da wani abin mamaki. In an ɗebi jini da rana, da ƙyar a ga ko ɗaya, amma da tsakar dare ga su nan fal, daidai lokacin da sauro ke cizo. Shi dai ya zaci ta ruwan sha suke komawa jikin mutum. Sai a 1900 aka tabbatar ta wurin cizon ne.

Ya kafa makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan a 1899. Ya rasu a 1922.

To, me za mu koya? Idan ma'aikacin asibiti ya ce zai ɗebi jini da ƙarfe 10 na dare, kada mu yi masa zargi, gama a lokacin ne tsutsa ke fitowa. Mai ƙafa lafiya ma yana iya ɗauke da ita, saboda haka mu kwana cikin gidan sauro, mu sha maganin in an raba. Ɗan'uwa mai tundurmi kuwa ba la'ananne ba ne. Mu ba shi wuri a cikin ekklesiya, mu taimake shi wanke ƙafarsa da sabulu kowace rana, mu gode wa Allah da ya ba bayinsa haƙurin bincike.