Umar ɗan Abdul'aziz: Shugaban da Ya Buɗe wa Talaka Ƙofar Koke

An haifi Umar ɗan Abdul'aziz a Madina wajen shekara ta 61 bayan Hijira. Mahaifinsa, Abdul'aziz ɗan Marwan, shi ne gwamnan Masar. Mahaifiyarsa kuwa, Ummu Asim, jikar Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi ce, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya tashi cikin daular gidan Banu Umayya, amma a gaban malaman Madina ya durƙusa ya ɗauki karatu.

A shekara ta 87 Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya naɗa shi gwamnan Madina, yana ɗan shekara ashirin da wani abu. Da isarsa sai ya tara malamai goma na birnin, cikinsu har da Urwa ɗan Zubair da Ƙasim ɗan Muhammad da Salim ɗan Abdullahi. Ya ɗora musu nauyi biyu: su riƙa ba shi shawara kafin ya yanke hukunci, kuma su sanar da shi duk zaluncin da suka ji wani ma'aikacinsa ya yi. A zamanin da gwamna ke duban wanda ya naɗa shi kaɗai, shi ya juyo ya fuskanci waɗanda yake mulka.

Nan da nan Madina ta zama mafaka ga mutanen Iraƙi masu gudun ƙarfen ƙafar Hajjaju ɗan Yusuf. Umar ya rubuta wa Halifa yana bayyana masa halin da suke ciki, Hajjaju shi ma ya kai ƙorafinsa, ƙarshe aka sauke Umar a shekara ta 93. Sai dai ya bar kujerar da wani tabo a zuci. Walid ya umarce shi da ya yi wa Khubaib ɗan Abdullahi ɗan Zubair bulala, ya zartar, Khubaib ya rasu a sanadiyyar haka. Masana tarihi sun ce nadamar wannan al'amari ba ta rabu da shi ba har ya koma ga Ubangijinsa. Ya ɗanɗana da kansa yadda umarnin sama ke iya sa gwamna ya cuci wanda aka ba shi amanarsa.

Da Halifa Sulaiman ya rasu a watan Safar na shekara ta 99, wasiyyarsa ta ɗora Umar a kan halifanci. Da gidansa ya fara: ya mayar da dukiyoyin da aka karɓe ba bisa haƙƙi ba, matarsa Faɗima 'yar Abdulmalik ta miƙa kayan adonta ga baitulmali. Sa'an nan ya waiwayi gwamnoni da masu karɓar haraji. Ya sauke Usama ɗan Zaid Attanukhi daga kan harajin Masar saboda tsananinsa. Ya kuma shelanta cewa duk wanda gwamnansa ya zalunta yana da ikon zuwa wurinsa kai tsaye, ba tare da neman izinin kowa ba.

Mutanen Khurasan sun gwada wannan ƙofa, suka same ta a buɗe. Wani daga cikin waɗanda ba Larabawa ba ya tsaya gaban Halifa, ya koka cewa 'yan'uwansa suna fita yaƙi ba a ba su albashi, kuma ana karɓar jiziya daga waɗanda suka riga suka musulunta. Umar ya umarci gwamnan, Jarrah ɗan Abdullahi, da ya ɗauke musu jiziyar, daga bisani ya sauke shi. Gwamnonin da suka nuna tsoron raguwar kuɗin shiga, ya tunatar da su cewa an aiko Manzon Allah (SAW) ne mai kira zuwa ga shiriya, ba mai tara haraji ba. Hatta gwamnan Madina, Abubakar ɗan Hazm, da ya nemi ƙarin takarda, sai aka umarce shi da ya fiƙe alƙalaminsa ya matse rubutu, domin dukiyar ta Musulmi ce.

Wannan tafarki bai yi wa da yawa daga danginsa daɗi ba, domin ya toshe musu hanyoyin da suka saba ci. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101 a Dairu Sim'an da ke ƙasar Sham, yana da shekara kusan arba'in, bayan mulkin shekara biyu da wata biyar. Halifofin da suka biyo baya sun warware da yawa daga gyare-gyarensa, amma misalin ya riga ya kafu: kujerar mai mulkin gari amana ce, kuma talaka yana da haƙƙin a saurare shi a kan wanda ke mulkinsa.

Allah Ya jiƙan Umar ɗan Abdul'aziz, Ya ba shugabanninmu na kusa da na nesa kunnen sauraron koken na ƙasa da su.