John Winthrop (1588–1649): Gwamnan 'Yan Furitan

Duk mai nazarin tarihin kafuwar Amurka ba zai rasa cin karo da wata jama'a da ake kira 'yan Furitan ba. Su dai waɗannan Kiristoci ne na ƙasar Ingila, waɗanda suka ga cewa cocin ƙasarsu, ko da yake ya rabu da Fafaroma, bai gama tsarkaka daga al'adun Katolika ba. Shi sunan ma abokan gāba ne suka laƙa musu don ba'a, amma ya bi su. Daga cikin manyansu babu wanda rayuwarsa ta fi nuna yadda aƙidarsu ta shiga harkar zaman jama'a kamar John Winthrop.

An haife shi a shekarar 1588 a lardin Safok, a gidan masu gonaki da rufin asiri. Ya taɓa karatu a Jami'ar Kambirij, ya yi aure yana ɗan shekara 17, daga baya ya zama lauya. A 1629 Sarki Charles na Ɗaya ya rushe majalisa, aka matsa wa 'yan Furitan lamba, shi kuma Winthrop ya rabu da aikinsa na kotu a Landan. A shekarar ne kamfanin da sarki ya ba izinin kafa mazauni a Masacusets ya zaɓe shi gwamna. A 1630 ya tashi cikin jirgin ruwa mai suna Arbella, a ayarin jirage 11 ɗauke da mutum kamar 700. Suka sauka a Salem, sa'an nan suka kafa garin Bostan.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne aƙidar alkawari. A wurinsu, al'umma ɗungurungum ta ƙulla alkawari da Ubangiji. In ta cika a yi mata albarka, in ta saɓa azaba ta sauka kan kowa da kowa. Wato laifin mutum ɗaya bashi ne a wuyan gari duka. Wannan ne jigon shahararren wa'azin Winthrop na 1630, inda ya hori mawadaci ya rage jin daɗinsa don biyan bukatar matalauci, ya kuma gargaɗe su cewa idon duniya yana kansu.

Ba a daɗe ba aka jarraba wannan magana. Ɗansa Henry ya nitse a ruwa jim kaɗan bayan saukarsu, yunwa da cuta kuma suka kashe kamar mutum 200 kafin ƙarshen shekarar. An ruwaito cewa da aka kai masa ƙarar wani maƙwabci mai satar masa itacen wuta cikin tsananin sanyi, sai ya kira mutumin ya ba shi izinin ya riƙa ɗiba. Ilimi ma daga wannan tushe ya tsiro, domin wajibi ne kowa ya iya karanta Baibul da kansa. An kafa kwalejin Harvard a 1636, kuma dokar 1647 ta tilasta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da yara.

To amma igiyar da ta ɗaure kayan ita ce ta shaƙe wasu. Tun 1631 aka keɓe jefa ƙuri'a ga mazan da coci ya karɓa cikin mambobinsa. A 1635 aka yanke wa Roger Williams hukuncin kora, saboda ya ce hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum ibada, kuma ƙasar ta 'yan asalin wurin ce, sai an saya. A nan Winthrop ya nuna sassauci, don shi ya ba Williams shawara a asirce inda zai nufa. Anne Hutchinson kuwa ba ta sami wannan rangwame ba. Ungozoma ce mai tara jama'a a gidanta tana sharhin wa'azin limamai, tana zargin yawancinsu da jingina tsira ga ayyuka. Winthrop da kansa ya shugabanci shari'arta a 1637, aka kore ta. A ganina ba mugunta ce ta tura shi ba, tsoro ne: wanda ya yi imani cewa ɓatan mutum ɗaya zai jawo wa gari halaka, da wuya ya bar mai saɓani ya sake. Abin mamaki shi ne, mutanen da suka gudo daga tsangwama su ne suka tsangwami wasu.

Mafi muni shi ne abin da ya sami ƙabilar Fikwat. A yaƙin 1637 an ƙone musu gari a Mistik, aka kashe ɗaruruwa, har da mata da yara. Waɗanda aka kama aka raba su bayi, wasu ma a gidan Winthrop suka ƙare. Ashe zumuncin da ya yi wa'azi a kai iyakarsa waɗanda ke cikin alkawarin.

Sau 12 aka zaɓe shi gwamna, ko da yake an sha kayar da shi, an kuma sha ja da shi kan yawan ikon mahukunta. Ya rasu a Bostan ranar 26 ga Maris, 1649, ƙasa da wata biyu bayan an fille wa Sarki Charles kai a Landan. Ya bar kundin da ya riƙa rubuta al'amuran mazaunin tun daga 1630, wanda masana tarihi suke dogara da shi ƙwarai wajen sanin waɗannan shekaru.