Johann Mezger: Ɗan mahaucin da ya shigar da tausa cikin aikin likita

Duk wanda ya taɓa jin ana cewa tausar Suwidin zai ɗauka a ƙasar Suwidin aka tsara ta. Amma masana tarihin likitanci da dama na danganta tsarinta da wani likita ɗan ƙasar Holan, Johann Georg Mezger.

An haife shi a birnin Amsterdam a shekarar 1838. Mahaifinsa mahauci ne. Ya fara da koyar da motsa jiki kafin ya shiga karatun likita. A 1868 ya samu digirinsa a Jami'ar Leiden, inda ya rubuta kundinsa kan yadda ake maganin targaɗen ƙafa ta hanyar murzawa da yatsu.

A lokacin, likitocin Turai da yawa na kallon tausa a matsayin aikin waɗanda ba su yi karatu ba. Mezger kuwa ya ɗauke ta da muhimmanci. Ya kasa ta gida huɗu: shafawa, matsawa, murzawa da bubbugawa. Sunayen Faransanci da aka laƙaba wa waɗannan hanyoyi har yau ana koyar da su a makarantun tausa.

Sunansa ya fito ne bayan da ya yi wa wani ɗan Sarki Willem na Uku na Holan magani. Daga nan sai masu sarauta da attajirai suka riƙa tururuwa zuwa otal ɗin Amstel, inda yake ganin marasa lafiya, har aka yi masa laƙabi da mai manyan yatsun zinare.

Cikin waɗanda suka neme shi har da Sarauniya Elisabeth ta Ostiriya, wadda ta je Amsterdam a 1884 tana fama da ciwon jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa. Irin wannan ciwo da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi ne ke kai mutane wurinsa.

Daga baya ya yi aiki a Wiesbaden ta Jamus da kuma Paris, yana kuma karɓar marasa lafiya a Domburg, wani ƙaramin gari na bakin teku a Holan da zuwan manyan baƙinsa ya ɗaukaka. Ya rasu a Paris a 1909.

Binciken zamani ya nuna tausa na rage ciwon baya da ya daɗe, sai dai sauƙin kan zama na ɗan lokaci, shi ya sa likitoci ke haɗa ta da motsa jiki. Ba a kuma yin ta a kan karaya ko ƙafar da ta kumbura saboda daskarewar jini. Mezger likita ne, ba mai tausa kawai ba, kuma darasin ke nan ga mai fama da ciwo: a gano musabbabinsa tukuna, sannan a miƙa jiki ga mai tausa.