Antoni na Masar: Gwarzon da Bai Jira Ranar Tafiya Ba

An haifi Antoni wajen shekarar 251 a ƙauyen Koma da ke tsakiyar ƙasar Masar. Iyayensa Kirista ne masu hannu da shuni. Bai wuce shekara 20 ba suka rasu, suka bar masa gonaki masu albarka da ƙanwarsa ƙarama. Ba a cika wata shida ba, ya shiga majami'a ya tarar ana karanta labarin saurayin nan mai arziki na cikin Bisharar Matiyu, wanda Yesu ya umarta ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta. Antoni ya ɗauka da shi ake. Ya bar wa mutanen ƙauye gonakin, ya sayar da sauran kaya ya raba wa mabukata, ya danƙa ƙanwarsa ga waɗansu mata masu ibada.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Antoni bai ruga hamada nan take ba. Ya zauna a gefen ƙauyensu yana ziyartar dattawa masu tsoron Allah: wurin wannan ya koyi haƙuri, wurin wancan naciya ga addu'a. Yana aiki da hannunsa don ya ci ya kuma taimaki wani. Sau ɗaya yake cin abinci, bayan faɗuwar rana, gurasa da gishiri da ruwa. Abin da ya ji daga Littafi Mai Tsarki kuwa, ya riƙe shi da ka.

Atanasiyus, bishop na Iskandariya, wanda ya san shi kuma ya rubuta tarihinsa, ya nuna cewa jarabar farko ba da ban tsoro ta zo ba. Ta zo ne da tunanin gonakin da ya bari, da damuwa kan ƙanwarsa, da marmarin abinci mai daɗi da son suna. Da wannan bai ci shi ba, sai sha'awar jiki ta taso masa dare da rana. Ya tare ta da azumi da addu'a da tuna ranar shari'a. Bayan haka ya koma zama cikin wani kabari, inda marubucin ya ce aljanu sun yi masa dūka har abokinsa ya ɗauke shi a sume. Da ya farfaɗo, sai ya roƙa a mayar da shi wurin.

Yana da shekara 35 ya haye Kogin Nilu ya nufi wani kangon sansanin soja. A hanya ya ga zinariya zube a ƙasa, ya wuce da gudu bai waiwaya ba. Shekara 20 ya yi a kangon, ana kawo masa gurasa sau biyu a shekara. Da aka ɓalle ƙofar wajen 305, jama'a suka same shi da lafiyarsa da hankalinsa, cikin natsuwa.

Amfanin wannan shiri ya bayyana a 311, lokacin da Sarki Maksiminus yake tsananta wa Kirista. Antoni ya shiga Iskandariya yana ƙarfafa waɗanda aka tsare. Da alƙali ya hana masu zuhudu zuwa kotu, shi sai ya wanke rigarsa, washegari ya tsaya inda alƙalin zai gan shi sarai.

Jaraba ta ƙarshe ita ce ɗaukaka. Da mutane suka yi ta tururuwa wurinsa, ya ji tsoron girman kai, ya ƙaura zuwa wani dutse kusa da Bahar Maliya, yana noma ɗan abin da zai ci. Ko da Sarki Kustantin ya rubuto masa wasiƙa, bai ruɗe ba. Ya amsa da gargaɗi kan adalci da kula da talakawa. Almajiransa kuwa ya shawarce su kowa ya riƙa rubuta ayyukansa da tunanin zuciyarsa kamar wanda zai karanta wa ɗan'uwansa, domin kunya kan hana saɓo.

Ya rasu a 356 yana da shekara 105, bayan ya umarci almajirai biyu su binne shi a ɓoye, kada a mai da gawarsa abin girmamawa. Gidan ibadar da ke ɗauke da sunansa yana nan a gindin dutsen har yau.

'Yan'uwa mazauna birni, ba kowa aka kira zuwa hamada ba, amma zinariyar nan tana zube a ofis da kasuwa. Wanda bai saba wa zuciyarsa da hani tun yana gida ba, da wuya ya ƙi ranar da aka miƙo masa. Allah Ya ba mu ikon shiri tun da sauran lokaci.