Sarkin da Haƙorinsa Ya Shiga Wayarka

Wannan 'yar alamar Bluetooth da kake dannawa in za ka tura waƙa, haruffa biyu ne na tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, H da B, aka haɗe su. Farkon sunan wani sarkin Denmak ne, Harald Bluetooth, wanda ya mutu fiye da shekara dubu da ta wuce. Ɗan Daura ba zai yi mamakin daɗewar suna ba, tunda har gobe in an ce Kusugu sai a tuna Bayajidda.

Harald ya gaji mahaifinsa Gorm wajen shekarar 958. Laƙabin nasa na nufin mai shuɗin haƙori, wai saboda wani mataccen haƙorinsa da ya yi duhu. Wajen 965 ya kafa ƙaton dutse a Jelling, aka rubuta cewa shi ya mallaki Denmak gaba ɗaya da Norway, ya kuma shigar da mutanensa Kiristanci. Wajen 980 aka gina ganuwoyi masu da'ira irin su Trelleborg, da gadar katako mai tsawon mita 760 a Ravning.

To amma wanda ya haɗa kan ƙasa ya kasa haɗa kan gidansa. Ɗansa na cikinsa, Svend, ya yi masa tawaye, Harald ya mutu wajen 986.

A 1997 Jim Kardach, injiniya a kamfanin Intel, ya ba da shawarar a sa wa sabuwar fasahar haɗa na'urori ba waya sunan sarkin. Na wucin gadi aka nufa, sai sunan ya bi ta.

A 2017 aka fito da Bluetooth Mesh, wato tsarin raga, irin wanda Zigbee da Z-Wave ke amfani da shi wajen sarrafa kayan gida. Ka kashe fitilar zaure daga ɗakinka: saƙon zai bi ta ƙwan tsakar gida, shi kuma ya miƙa wa na gaba har ya isa. In ƙwai ɗaya ya mutu, saƙon ya bi ta wani.

Ka ga bambancin kenan. Mulkin Harald a kan mutum ɗaya ya rataya, ita kuwa raga kowa na ɗauke da ɗan'uwansa. In kana shugabantar ƙungiyar matasan unguwarku, tambayi kanka: ranar da ba ka nan, saƙo zai isa?